Darasin kiwon lafiya: Ƙaho, fata da wanka

Yara, wa ya taɓa ganin ana yi wa mutum ƙaho? Na san kusan dukanku kun gani. A nan Gamu, da sauran garuruwan ƙasar Gure, ran kasuwa ba a rasa wanzami zaune a inuwar aduwa, zabirarsa a gefe. Gabansa ga wani dattijo ya tuɓe riga, ya sunkuya, ƙahoni sun yi layi a bayansa. Yara kan tsaya daga nesa suna kallo. In an gama, sai kowa ya watse.

To, darasinmu na yau ya fara daga inda kallonku ya ƙare. Bayan an cire ƙahonin, mutum ya mai da rigarsa ya tafi gida, me ya kamata ya yi da fatarsa? Yaushe zai yi wanka? Da wane irin ruwa?

Labarin kawuna

Ina aji huɗu lokacin da abin nan ya faru. Damina ce, an gama noman fari, ana shirin maimai. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi kwana da kwanaki yana kukan ciwon baya. Wata safiya sai ya aike ni in kira wanzami. Aka kafa masa ƙaho shida, uku dama uku hagu. Da aka gama, ya miƙe, ya yi miƙa, ya ce jikinsa ya yi sakayau.

Wanzamin yana ɗaure zabirarsa ya ce masa: «Malam, yau dai a huta. Kada ruwa ya taɓa wurin sai gobe.»

Kawu ya ce to. Amma da azahar sai ga shi ya saɓa hauya.

Na ce: «Kawu, ba an ce ka huta ba?»

Ya ce: «Kai, ɗan nan, haki yana jiran mutum ne? Ɗauko mini gora.»

Ya yi noma har la'asar sakaliya. Gumi da ƙasa suka cika masa baya, tsagar ta shiga yi masa zafi da ƙaiƙayi. A kan hanyar komowa gida akwai tabki, inda shanu da awaki ke shan ruwa. Ya shiga, ya cuɗa bayansa da soso. Da dare jini ya sake tsattsafowa, aka barbaɗa masa toka.

Kwana biyu babu abin da ya faru. A rana ta uku, biyu daga cikin wuraren suka kumbura, suka yi zafi. A rana ta huɗu mugunya ta fito, kaluluwa ta taso masa a hamata, zazzaɓi ya kwantar da shi. A amalanke muka kai shi gidan likita. Aka wanke masa miki, aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyi na kwana bakwai. Ya warke, amma sai da ya yi kwana goma sha biyu bai taka gona ba. Mutumin da ya ƙi hutun yini guda ke nan. Haki ya ci rabin gonar, shekaran nan tun kafin bazara rumbunsa ya ƙare. Har yau tabon nan biyu suna nan a bayansa, sun fi sauran huɗun girma.

Yadda ƙaho yake kama fata

Ku ɗauki ƴar ƙaramar kwalba mai tsabta. Ku ɗora bakinta a leɓenku, ku zuƙe iskar da ke ciki. Me kuka gani? Kwalbar ta manne. Dalili shi ne, iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi. Tana danna kowane santimita murabba'i na jikinmu da nauyin kimanin kilo 1. Ba mu jin nauyin nan don ta ko'ina yake dannawa daidai. In aka rage iskar da ke cikin kwalba, sai ta waje ta fi ƙarfi, ta danne kwalbar a kan leɓe, leɓen kuma ya kumbura zuwa ciki.

Haka wanzami yake yi. Ƙahon yana da ƴar kafa a tsininsa. Yakan ɗora shi a fata, ya zuƙe iska da baki, ya toshe kafar da kaki. Fatar ta taso cikin ƙahon, jini ya taru a wurin. Bayan ɗan lokaci ya cire, ya yi tsaga ƙanana da aska, ya sake kafa ƙahon. Wannan karo jini ne ke fitowa.

Ba Hausawa da Barebari kaɗai suka san wannan aiki ba. Larabawa suna kiransa hijama, kuma ya tabbata cikin littattafan hadisi cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya biya wanda ya yi masa. Mutanen Sin na dā da ƙahon dabba suka fara, kamar mu, kafin su koma ga gora da gilashi. A shekarar 2016, a wasannin Olimpik na birnin Riyo, a ƙasar Barazil, duniya ta ga wani gwanin iyo ɗan Amurka, Michael Phelps, da shacin ƙaho a kafaɗunsa. Nasa ƙahon busasshe ne, babu tsaga. Namu na tsaga ne, shi ya sa kulawarsa ta fi yawa.

Fata katanga ce

Fatar babban mutum, in da za a shimfiɗa ta, za ta kai mita murabba'i ɗaya da rabi zuwa biyu, wato kamar tabarma guda. Hawa uku gare ta. Na sama siriri ne, babu hanyar jini a cikinsa. Shi ya sa in kun karce hannu kaɗan, sai ku ga fari kawai, jini bai fito ba. Na tsakiya shi ke ɗauke da ƙananan hanyoyin jini, da jijiyoyin da ke sa mu ji zafi da sanyi, da tushen gashi, da wuraren da gumi ke fitowa. Na ƙasa kitse ne.

To, ku yi tunani. In jini ya fito daga tsaga, wane hawa aska ta kai? Ta wuce na sama, ta shiga na tsakiya. Katanga ta ɓule ke nan. Ƙaho guda yana iya samun tsaga da yawa, kowace tsaga kuwa ƙofa ce a buɗe.

Su wa ke jira a bakin ƙofar? Ƙwayoyin cuta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna cikin ƙasa, da kashin dabbobi, da ruwan tabki, da ƙarƙashin farce, da ƙafafun ƙuda. Wasu ma a kan fatarmu suke zaune kullum, ba su cutar da mu muddin katangar tana tsaye.

Jiki ba ya barin ƙofarsa a buɗe. Cikin ƴan mintoci jini yakan daskare a bakin tsaga. Daga nan ya bushe, ya zama ɓawo. Ƙarƙashin ɓawon nan sabuwar fata ke tofowa daga gefe da gefe, har ta haɗe. Yini guda ko biyu bakin tsagar yake ɗauka kafin ya rufe, amma warkewa sosai sai an yi mako guda ko kwana goma. Ɓawon nan kamar asabari ne da aka rataya a ƙofa kafin a samu ƙyaure. Ruwa mai yawa yana jiƙa shi, soso yana yaye shi, farce yana ɓamɓare shi. Abin da kawuna ya yi a tabki ke nan: ya yaye asabarin, kuma a wurin da ƙwayoyin cuta suka fi yawa.

Yaushe za a yi wanka?

Ranar da aka yi ƙaho, kada ruwan wanka ya taɓa wurin. A bari sai awa 24 ta cika. In an yi ƙaho da hantsin Alhamis, wanka sai hantsin Juma'a. Wannan ba ya hana mutum wanke fuska, da hannuwa, da ƙafafu. Ba ya hana alwala, tun da dai ba a wanke baya cikin alwala. Wanda zafi ya dame shi, sai ya jiƙa tsumma mai tsabta ya goge sauran jikinsa, ya kewaye wurin tsagar.

In lokacin ya cika, sai a yi wanka da ruwan famfo, ko na rijiya mai murfi. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan. Ruwa mai zafi ƙwarai yana buɗe hanyoyin jini, yana iya sa tsagar ta sake zubar da jini, mutum kuma ya ji jiri. A sa sabuni a tafin hannu, a yi kumfa, a shafa a hankali. A ɗauraye. Kada a sa soso a wurin. Kada a daɗe ana kwara ruwa. In an gama, a ɗauki ƙyalle wankakke wanda ya bushe a rana, a riƙa dannawa a hankali har wurin ya tsane. Ba a gogewa. Sa'an nan a sa riga wankakkiya, mai faɗi, ta auduga.

Na san abin da wasunku za su ce: «Malam, a gidanmu ruwa tulu biyu ne a yini, har da na girki.» Gaskiya ne, a ƙasarmu ta rairayi ruwa yana da tsada, wanda ya ja guga ya sani. Amma wankan da nake faɗi bai fi ƙwarya guda ba. Tsabtar ruwan ake bukata, ba yawansa ba. In kuna shakkar ruwan, ku tafasa shi, ku bari ya huce.

Tabki kuwa, a manta da shi sam, sai ɓawon ya faɗi da kansa. Ko mai lafiyayyar fata ma tabki yana iya ba shi tsargiya, balle mai tsaga a baya.

Haka kuma aiki mai sa gumi. Noma, da faskare, da jan ruwa, da kokawa, duk a jinkirta su yini guda ko biyu. Gumi yana jiƙa ɓawo, ƙura ta manne a kai, fatar baya kuma tana miƙewa duk sanda mutum ya sunkuya, sai tsagar ta buɗe. Mai hankali yakan zaɓi ranar da ba shi da aiki gobe. Da hunturu ma akwai tasa matsalar: iska tana busar da fata, ƙura tana tashi. A rufe wurin da riga, kada a zauna tsirara a bakin wuta.

Abin da ake shafawa

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Na ga an sa toka. Na ga an sa ƙasa, da garin gawayi, da baƙin man mota. Na ji ana sa kashin shanu. Duk waɗannan, kada a sa. Toka tana tsai da jini a ido, amma tana ƙona naman da ke son tofowa, kuma datti tana biye da ita. In jini bai tsaya ba, a ninka ƙyalle mai tsabta, a danna wurin da hannu minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba.

Ƙasa da kashin dabbobi sun fi kome haɗari, don cikinsu ƙwayar tetanos take zama. Wannan ciwo ne da ke sarƙe haƙora, ya sandare wuya da baya. Yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, sau da yawa lokacin da mikin ya riga ya rufe, har mutane su kasa gane inda ya fito. Yana kisa. Allurar rigakafinsa an samo ta a Faransa tun shekarun 1920, kuma ana yin ta a gidajen likitanmu.

In wurin ya yi datti, ga ruwan da za a wanke shi da shi. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali biyu a shafe, ba a tule ba. A bari ya huce a rufe. A wanke hannu da sabuni kafin a taɓa wurin. Ruwan da ya kwana a zubar, a dafa sabo.

Man kaɗe fa? Man kaɗe yana da kyau, amma ba ranar farko ba. A jira sai tsagar ta rufe, ɓawo ya bushe. A lokacin nan ne ƙaiƙayi ke tasowa, man kuwa yana tausasa fata, ya rage shi. Ƙaiƙayin alama ce ta warkewa. Kada a sosa. Wanda ya ɓamɓare ɓawo ya mai da aikin jikinsa baya, kuma tabonsa zai fi girma.

Shacin da bakin ƙaho ya bari, mai duhu, kewayayye, ba cuta ba ne. Jini ne da ya fita daga ƙananan hanyoyi ya kwanta ƙarƙashin fata. Jiki zai kwashe shi cikin mako ɗaya ko biyu. Sai dai akwai mutanen da tabonsu ke tasowa, ya yi tauri, ya wuce girman raunin. Wannan ya fi yawa ga baƙar fata, kuma ya fi son ƙirji, da kafaɗa, da saman baya. Wanda ya san jikinsa yana yin haka, tsaga ba tasa ba ce.

Askar wanzami

Wanzami mutum ne mai daraja a gari. Shi ke aski ran suna, shi ke kaciya, sana'arsa gado ce. Wanzamin da na ba ku labari ya faɗa wa kawuna gaskiya, kawu ne bai ji ba. Amma akwai abin da kakanninsa ba su sani ba, don a zamaninsu ba wanda ya sani.

A shekarar 1965 wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano cikin jinin mutane alamar ƙwayar da ke kawo ciwon hanta iri na B. Wannan ciwo yana iya sa shawara, ido ya yi rawaya. Yana kuma iya ɓoyewa shekaru da yawa yana cin hanta, mai shi yana yawo lafiya lau. Ƙwayar tana rayuwa cikin busasshen jini aƙalla kwana 7. A shekarar 1983 kuma, a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, aka gano ƙwayar sida. Ita ma jini yana ɗaukar ta. Ke nan aska guda, ko ƙaho guda, in an yi wa mutum biyu aiki da su, suna iya kai cutar na farko ga na biyu. Goge aska a tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe kome.

Saboda haka mai zuwa ƙaho ya sayi sabuwar reza, a buɗe ta a gabansa, in an gama a binne ta inda yara ba za su tono ba. Ƙahonin a wanke su da sabuni, a tafasa su minti 20. Shi ma wanzamin wannan kariya ce gare shi, tun da bakinsa yake sa wa a ƙahon. Faɗin haka ga babba ba rashin kunya ba ne, in an iya faɗi. Kuna iya cewa: «Baba, ga sabuwar reza na sayo maka.» Ba sai kun ƙara kome ba.

Mataccen jini

Sau da yawa wanzami yakan juye ƙaho, ya nuna jini baƙi, guda-guda, a ce ga mataccen jini ya fita. Ku tuna da abin da muka ce ɗazu: jini in ya fita daga hanyarsa daskarewa yake yi. Ran Layya ku dubi jinin rago bayan ƴan mintoci, za ku ga ya yi duhu, ya yi guda. Ragon kuwa lafiyarsa lau. Jinin ƙaho jinin jiki ne kamar sauran.

Mutane da yawa suna jin sauƙin ciwon baya da na wuya bayan ƙaho, na ɗan lokaci. Ban musa musu ba. Amma ƙaho ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya warkar da tarin fuka ko hawan jini. Waɗannan na likita ne.

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Wanda ya rasa wani abu daga ciki sai jikinsa ya ƙera sabo, wannan kuwa yana ɗaukar makonni. Don haka bayan ƙaho a zauna tukuna, kada a miƙe farat ɗaya. A sha ruwa, a sha fura ko kunu. A kwanakin da ke biye a ci wake, da zogale, da hanta ko nama in an samu. Akwai kuma waɗanda bai kamata a yi musu ƙahon tsaga ba: yara ƙanana, da mace mai ciki, da mai ƙarancin jini, da mai amosanin jini, da mai ciwon suga, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa.

In kun ga ɗaya daga cikin alamun nan, kada a jira gobe, a tafi gidan likita: wurin ya kumbura yana zafi, zafin kuma ƙaruwa yake yi, mugunya ko wari, kaluluwa a hamata ko a wuya, zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa, baki ya yi nauyin buɗewa. Da kawuna ya tafi a rana ta uku, da bai kai ga amalanke ba.

Kalmomi

fata: la peau
jini: le sang
ƙaho: la ventouse
tsaga: l'incision
miki: la plaie
ɓawon miki: la croûte
mugunya: le pus
tabo: la cicatrice
ƙwayar cuta: le microbe
rigakafi: la vaccination

Tambayoyi

1. Me ke sa ƙaho ya manne a fata?
2. Kawu ya yi kuskure uku a rana guda. Ku faɗe su. Wane ne ya fi muni a ganinku? Don me?
3. Don me ba a sa soso a wurin tsaga?
4. An yi wa wani ƙaho ran Talata da ƙarfe 9 na safe. Yaushe zai yi wankan farko?
5. Ana zuba gishiri giram 9 cikin ruwa lita 1. Giram nawa za a zuba cikin rabin lita? Cikin lita 3 fa?
6. Kakarku ta ɗebo toka za ta sa wa kakanku a baya. Me za ku ce mata? Ku rubuta maganarku cikin jimla uku, da ladabi.

Aikin gida

Ku je wurin wanzamin unguwarku, ku gaishe shi. Ku roƙe shi ya nuna muku kayan da ke cikin zabirarsa, ya faɗa muku sunan kowane. Ku tambaye shi abin da yake gaya wa mutane game da wanka bayan ƙaho. Kada ku taɓa aska. Ku zana kayan cikin littafinku, ku rubuta sunayensu da Hausa, ku kawo ran Litinin mu nemi na Faransanci tare.